Likitan Tsofaffin Magariya

Da kakar 1941 aka turo Muttaƙa ɗan Jibo ya riƙe gidan likita na Magariya. Rabonsa da zama a ƙasar tun yana ɗan shekara takwas, ranar da aka ɗauke shi daga Waca aka sa shi lakwal, makarantar boko, a Damagaram. Daga can ya wuce Yamai, daga Yamai sai makarantar likitoci ta Dakar, sannan ya yi shekara uku yana aiki a Gure. Ya iso da akwatin ƙarfe guda, da agogon aljihu, da abin sauraren ƙirji. Ran Juma'ar farko da ya sami sarari ya ari doki ya nufi Waca gaida gida.

Tun daga bakin zaure ya jiyo daka. Da ya shiga sai ya tarar kakarsa Ɗela ce a kan turmi, ta ɗaure zani a ƙirji, tana luguden taɓarya ita kaɗai. Ta tsaya ta kare rana da tafin hannu, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Wa nake gani kamar mijin nan nawa da ya gudu ya bar ni?"

"Ni ne, Iya. Amma na ga kin tsufa, sai dai in nemi wata."

"Tsufa? Zo karɓi taɓaryar nan mu ga wanda zai fara haki."

Ta rungume shi tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Sai da ta sake shi ya lura da mutumin da ke jingine a inuwar rumbu. Kansa ya yi fari fat, kumatu sun faɗa, wuya ya yi tsawo. Muttaƙa ya ɗauka wani tsohon maƙwabci ne, har ya buɗe baki zai yi masa gaisuwar baƙo, sannan ya gane mahaifinsa ne. Ya cire takalmi ya durƙusa.

Jibo bai dube shi ba. Ya kafa ido kan wata kaza da ke tono ya ce, "An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla."

Iyakar hirarsu ke nan. Muttaƙa ɗan fari ne, uwarsa Asabe ta rasu yana jariri, kuma tun tasowarsa bai taɓa jin sunansa a bakin Jibo ba. Ya san kunyar ɗan fari ce, kowa haka yake yi. Amma can ƙasan ransa akwai wani abu da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya: ranar da gardi, dogarin Nasara, ya zo neman yaran lakwal, iyaye sun yi ta ɓoye nasu a rumbu da gonakin dawa, shi kuwa ubansa da kansa ya kama hannunsa ya miƙa.

A hanyar komawa Magariya ba wannan ne ya dame shi ba. Lissafi yake yi a kan doki. Ɗela ta haura saba'in, ga ta tana daka. Jibo bai fi hamsin da ɗaya ba, amma wanda bai sani ba sai ya ce yayanta ne. Jini ɗaya, gida ɗaya, rijiya ɗaya. Me ya sa tsufa ya yi wa ɗan sukuwa, ya bi uwar a hankali? A Dakar an koya masa agana da sanƙarau da ciwon barci. Tsufa kuwa babu wanda ya tsaya a kansa, sai ka ce abu ne da ba ya bukatar tambaya.

Da rani ya kama sai ya sayi kaye uku, wato littattafan rubutu, ya fara. Niyyarsa ya bi tsofaffin Waca da Mallawa da Dungas, ya auna su sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma kafin shuka, ya ga yadda jiki ke sauka da wanda ya fi saurin sauka. Zai ƙirga bugun jini a wuyan hannu, ya duba haƙora, ya ba mutum allura da zare ya ga ko zai zura, ya sa shi ya tashi daga tabarma ba tare da dafa ƙasa ba. Ya ari sikelin rataye wurin wani mai sayen gyaɗa, Maiwada, ya sa aka saƙa masa babban kwando. Da sikelin nan yake auna nauyi, da shi kuma yake gwada ƙarfin hannu, mutum ya kama ƙugiya ya ja iyakar ƙarfinsa.

Fitarsa ta farko, a Mallawa, ko tsoho ɗaya bai gani ba. Labari ya riga shi cewa yaron Nasara na zuwa da takarda zai rubuta mutane, kuma kowa ya san takarda ba ta kawo komai sai haraji ko aikin dole. Ya yini a gindin tsamiya da kwandonsa, awaki kaɗai ke zuwa shinshinawa.

A Waca ma haka ta so faruwa. Mutane suka tsaya nesa nesa suna kallon kwandon yana lilo a reshe. Wani dattijo ya ce, "Yau ga abin mamaki. Mu ne gyaɗar?" Sai ga Ɗela ta ratso taron, ta tattare zani, ta shiga kwandon ta zauna daram kamar amarya a kan raƙumi.

"Auna ni, maigida. In na yi nauyi ka sayar, in ban yi ba ka ci gaba da ciyar da ni."

Aka fashe da dariya. Kafin la'asar ya auna mutum goma sha tara. Jibo bai zo ba.

Babbar wahalar ita ce shekaru, don ba wanda ya san nasa. In ka tambayi tsohuwa sai ta ce ɗari, in ka sake tambaya gobe ta ce arba'in. Muttaƙa ya koma bin manyan abubuwan da kowa ke tunawa. Ranar da Nasara suka shiga Damagaram, kina da 'ya'ya nawa? Shekarar yunwar Kakalaba, an yi maka aure? Shekarar fara fa, wa ke goye a gidanku? Da haka yake kusantar gaskiya, ko da kuskuren shekara biyu ko uku.

A shekara ta biyu ya auri Mairama, 'yar wani maɗinki a Magariya, mace mai sanyin magana da kaifin kai. Ita ce ta gyara masa aikin. Ta raka shi Dungas sau ɗaya, a hanyar dawowa ta ce, "Malam, kana tambayarsu kamar alƙali. Wace tsohuwa ce za ta faɗa wa namiji cikin da ta yi da wanda ya zube? Ka bar min matan. Mazan kuma ka raba musu goro, ka bar su su yi ta zuba, abin da kake nema zai fito da kansa." Daga ranar ita ke shiga cikin gidaje, ta zauna ana taya juna ɓarar gyaɗa, ta fito ta zayyana masa komai daga ka, ba ta mance ko ɗaya.

Ba kowa ne ya ga amfanin abin ba. Babban likitan Damagaram, wani Bafaranshe mai gajeren haƙuri, ya zo rangadi ya ga kayen a kan tebur. Ya buɗe ya karanta shafi biyu, ya rufe.

"An kawo ka nan don lambar rigakafi da allura. Yara na mutuwa, kai kana ƙirga haƙoran waɗanda suka riga suka ci zamaninsu?"

"Ran Juma'a da Lahadi nake yi, ranka ya daɗe. Ban taɓa barin mara lafiya a ƙofa ba."

Bafaranshen ya ɗaga kafaɗa ya ce ranar hutunsa tasa ce. Kuma gaskiya ne akwai lokutan da kayen suka yi wata huɗu a rufe, kamar ranin da sanƙarau ya shigo, aka kafa rumfunan zana a bayan gari, Muttaƙa ya rame har wandonsa na zamewa. Amma da abin ya lafa sai ya sake ɗaura wa doki sirdi. A kasuwanni aka fara ce masa likitan tsofaffi, da farko da zolaya, daga baya sunan ya bi shi.

Shekara uku Jibo yana ƙin kwandon. Duk ranar awo sai ya tsiri gyaran darni ko zuwa gaida mara lafiya a wata unguwa. Sai bayan girbin 1944, an gama da kowa, Muttaƙa na naɗe igiya, ya ji an zauna a tabarma a bayansa. Ya waiwaya. Jibo ne, ya kau da fuska wajen masallaci, ya miƙo hannun dama.

"Likita, an ce kana duba tsofaffi."

Muttaƙa ya durƙusa ya kama wuyan hannun. Rabonsa da taɓa fatar ubansa tun ranar gardi. Hannun ya bushe kamar kirgi, yatsu sun kanannaɗe da riƙon hauya. Ya buɗe agogo ya fara ƙirga, sai ya ji bugun yana tafiya yana tuntuɓe, ya yi uku ya tsaya, ya yi biyar da gudu. Ya duba ƙafafun, ya danna yatsa a ƙwauri, gurbin ya zauna bai taso ba. Ya sa abin sauraro a ƙirji ya daɗe, fiye da yadda aikin ke bukata, don ba ya so a ga fuskarsa.

"Yaya?" in ji Jibo.

"Zuciya ta gaji, Baba. Akwai magani, zan nemo. Amma a bar gishiri da kanwa, a bar ɗaukar dami."

"To."

"Akwai kuma tambayoyi da nake yi wa kowa."

"Yi mana. Ai aikinka ne."

Muttaƙa ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunan ubansa a sama kamar na kowa. Ya tambaye shi aikin dole. Jibo ya ce sau uku aka ɗebe shi, biyu aikin hanya, ɗaya dako, sun kai kaya arewa a ka, kwana arba'in, mutum huɗu cikinsu ba su dawo ba. Yana faɗa ne a miƙe, kamar mai ba da labarin wani.

"Shekarar Kakalaba fa, me aka ci a gidanku?"

Jibo ya kafa ido a kan tabarma, sannan ya amsa.

"Shekarar nan mai ɗakina ta haihu. Babu ko dusa a garin nan. Kwana uku da haihuwar na kama hanyar ƙasar Kano, na yi kwana tara. Na yi wa wani mutum yaɓen soro ya ba ni tiya biyu ta dawa. Na ɗaure ta a ciki, ƙarƙashin riga, don kada a ƙwace. A hanya ban taɓa ko ƙwaya ba, ganye nake tsinka ina ci. Na iso na tarar an rufe ta jiya." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Yaron yana hannun Iya, tana ɗiga masa nonon akuya da tsumma."

Alƙalamin ya tsaya a hannun Muttaƙa.

"Rubuta mana, Likita. Yaron ya rayu. Har ma ya yi tsawo."

Ya rubuta, ko da yake bai ga abin da yake rubutawa ba sosai.

Daga ranar Muttaƙa ya riƙa zuwa Waca duk mako biyu da 'yar kwalbar maganin zuciya, wanda sai da ya yi ta aika takarda Damagaram kafin a samu, don lokacin yaƙi ne, komai ya yi wuya. Ya koya wa Ɗela yadda ake ɗiga shi a ruwa. Kumburin ya saɓe, numfashi ya daidaita. Kuma aka sami wata hanya da ba wanda ya shirya ta: abin da Jibo ba zai iya faɗa wa ɗansa ba, yana iya faɗa wa Likita. Da zarar an buɗe kaye aka kama wuyan hannu, sai bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin kokawar da ya yi a Dungas yana saurayi, da yadda ya fara ganin Asabe tana sayar da ƙuli a kasuwar Mallawa, ya sayi ƙulin duka ya rasa inda zai kai shi. Wani lokaci Muttaƙa na riƙe da hannun har inuwa ta juya, agogon ma a rufe yake.

Wata rana ya yi ƙarfin hali ya ce, "A cikin tambayoyin akwai wannan. Wanda ya ba da ɗansa lakwal, me ya sa ya bayar?"

Babu wannan tambaya a kaye, kuma Jibo ya sani. Ya ɗan murmusa.

"Shekarar nan ma damina ba ta yi ba. Na tambayi gardin, na ce a can ana ba su abinci? Ya ce tuwo sau biyu, ran Juma'a har da nama. Na riga na rufe mutum ɗaya saboda yunwa. Ban ga zan iya na biyu ba." Ya gyara zama. "Na bi ku a baya har Magariya. Na tsaya bayan wata kuka na ga an sa ku a hanya, sannan na juyo."

Muttaƙa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "An ba mu tuwon, Baba. Naman ne dai ƙarya."

Jibo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Ɗela ta leƙo tana faɗa wai za a kashe mata ɗa da surutu.

Maganin ya saya wa Jibo shekara shida. Ya ga an hana aikin dole, ya ga jikokinsa biyu, yana ɗora su a cinya yana kiran sunansu da ƙarfi, tun da su babu kunya tsakani. Amma da kakar 1950 ƙafafun suka sake kumbura har cinya, ɗigon ya daina aiki. Muttaƙa ya bar gidan likita a hannun mataimakinsa ya tare a Waca.

Ran nan da hantsi Jibo ya ce yana so ya ga gona. An gama yankan gero, dammuna na jere ba a kwaso ba. Babu halin hawa jaki, sai Muttaƙa ya juya baya ya durƙusa.

"Hau, Baba."

"Mutane za su gani."

"Su gani."

Ya goya shi suka bi ta bayan gari. Muttaƙa ya san nauyin ubansa, yana rubuce a kaye, kowane awo yana raguwa. Amma sanin lamba daban, jin ta a gadon baya daban. Ya sauke shi a gindin gawo. Jibo ya daɗe yana kallon dammunan, ya sa aka miƙo masa zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya ce bana gero ya yi ido. Suka koma gida. Bayan azahar ya cika, kansa a cinyar uwarsa, hannunsa a hannun ɗansa.

Bayan sadakar bakwai Muttaƙa ya tattara kayen, sun kai goma sha huɗu, ya zuba a akwatin ƙarfe ya kulle. Ya mayar wa Maiwada sikelinsa. Da Mairama ta tambaye shi sai ya ce, "Shekara tara ina auna tsufa, ban iya ƙara wa ubana damina ɗaya ba. Wancan Bafaranshen ya fi ni gaskiya." Ba ta yi masa musu ba. Ta bar shi ya yi ta aikin allura da ɗaurin miki.

Wata biyar bayan haka suka je Waca suka tarar da Ɗela a kwance da rana tsaka. Turmi na kife, kaji sun yi kashi a kai. Matan gidan suka ce ba ta ciwon komai, tuwo ne dai in an kai mata sai a dawo a ɗauke shi yadda aka ajiye. Muttaƙa ya duba ta sama da ƙasa bai sami cuta ba. Ya tsokane ta da maganar kishiya, ta dube shi kawai ta ce, "Ɗa ne ya kamata ya rufe uwa." Ya ce ta zo Magariya ta zauna da su. Ta ce tsohuwar bishiya ba a dasa ta.

A hanya Mairama, wadda ke da ciki wata bakwai, ta ce, "Malam, ba kai ka taɓa faɗa min ba? Ka ce a cikin mutanenka, duk tsohon da ya rasa wanda suke cin abinci tare, da wuya ya ga damina biyu. Ka ce ka ƙirga su a Mallawa da Dungas."

"Na faɗa."

"Shekara nawa Iya tana ci da Baba a inuwar rumbun nan? Ka san ciwon, ka rubuta shi da hannunka, ka kulle a akwati."

"To in na sani, wane magani zan ba ta? Ba a ɗiga wannan a ruwa."

"Ni zan koma Waca in haihu a can. Zan ce mata ba ni da mai yi min wankan jego."

"Ga gwaggonki a Magariya?"

"Ita Iya ta sani?"

Haka aka yi. Mairama ta tare a ɗakin Ɗela da yara biyu, ta riƙa yin komai a karkace da gangan. Ta dama kunu da gudaji, ta ɗaure wa yarinya zani a bai bai, ta zauna da akushi a gaban tsohuwar ta ce ita ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Kwana huɗu Ɗela na kallo, ran na biyar ta tashi zaune ta ce, "Wai ke a gidanku ba a koya miki komai ba? Miƙo min muciyar nan." Da haihuwa ta zo, namiji, ita ce ta yanke cibi, ita ke tsaye kan tukunyar ruwan zafi safe da yamma tana faɗa da masu kawo itace. Ran suna Muttaƙa ya same ta tana rabon goro, ta harare shi ta ce, "Ina kwandona? Ko ka ga na rame ne kake jin kunyar auna ni?"

Ya koma Magariya ya buɗe akwatin.

Ya ƙara shekara huɗu yana bin ƙauyuka, sannan ya zauna ya tace abin da ya tara a kan mutum ɗari uku da goma sha biyu. Bai gano wani sirri ba, kuma bai ce ya gano ba. Abin da ya rubuta kaɗan ne. A cikin mutanensa, waɗanda yunwa da dako suka same su suna ganiyar ƙarfi sun riga tsaransu tsufa da wajen shekara goma. Furfura ba ta faɗin komai, ƙarfin hannu shi ke faɗi, duk wanda jansa a sikeli ya faɗi da sauri to a sa masa ido. Wanda kuma ake bukatarsa a gida, ko da tsaron jika ne ko korar kaji daga shanya, ya fi wanda aka ce ya huta daɗewa. An canza babban likitan Damagaram, sabon ya karanta ya aika Dakar, aka buga a mujallar likitoci, shafi shida. Mairama ba ta karatun boko, amma ta sa ya nuna mata inda sunanta yake a ƙasan shafin farko, ta daɗe tana shafa wurin da yatsa.

A 1957 aka gayyace shi Dakar ya yi bayani. Ya tsaya gaban likitoci wajen arba'in, ya faɗi abin da ya gani. Wani ya tambaye shi yadda ya san shekarun mutanen da ba su da takardar haihuwa, ya ba su labarin Kakalaba da shekarar fara, suka kasa kunne har ya gama. Bayan taron wani dattijon malami ya kai shi ɗakin bincikensa. Ɓeraye ne farare a keji, kowanne an san ranar haihuwarsa, ana rage wa wasu abinci a ƙara wa wasu a ga wanda zai riga tsufa. Ga madubin ganin ƙwayoyin jiki, ga littattafai har rufi. Malamin ya ce akwai gurbi in yana so.

Muttaƙa ya so. Kwana uku yana zuwa ɗakin yana leƙa madubin kamar yaro a bakin rijiya, yana jin da ma a nan ya yi ƙuruciyarsa. Ran na huɗu ya ce wa malamin, "Ɓeranku shekara biyu yake yi ya ba ku amsa. Nawa mutanen sai an yi shekara ashirin nan gaba ana bin su, kuma ba za su shiga kwandon wani ba." Suka yi alkawarin musayar wasiƙa, kuma sun cika, har malamin ya aiko masa da abin gwada ƙarfin hannu na ainihi, na ƙarfe mai allura.

Ɗela ta rasu da daminar 1959, da safe, tana zaune tana tsince wake. A lissafin jikanta ta kusa casa'in. Ya yi kuka, amma ba irin na wancan karo ba.

Bayan sadakar arba'in, ran kasuwar Magariya, yana cikin duba marasa lafiya aka ce ana sallama. Ya fito ya ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa a kan jaki, jikarta na riƙe da igiya. Ya gane ta. Daso ce, ta unguwar marina a Waca, wadda shekara goma sha bakwai in ta hango shi sai ta shige gida ta ja ƙyaure.

"Kai ne jikan Ɗela?"

"Ni ne, Iya. Sannu da hanya."

"Sauke ni." Ya sauke ta, ta tsaya tana gyara mayafi. "Na zo a rubuta ni. Yanzu duk Waca ba wanda ya girme ni, kada a ba wata matsayina."

"Da ma ke nake ta nema. Me ya hana ki tuntuni?"

"Kakarka. Ita ta fara shiga, ni kuwa abin da ta riga ni ba na yi. Tun muna 'yan mata ba ma shiri, a kan wani ɗan kunne da ta ce nata ne, alhali nawa ne." Ta kau da kai. "Kullum da safe sai ta biyo ta ƙofata ta ce, Daso, ba ki mutu ba? In ce sai na ga bayanki. To na gani. Yanzu gari ya waye ba mai tambayata."

Muttaƙa ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar baranda, ya aika gida a ce wa Mairama ta dama fura ta zo da ludayi biyu. Ya roƙi masu jira su ɗan yi masa haƙuri, ya zauna a gabanta ya buɗe sabon shafi.

"To, Iya. Ranar da Nasara suka shiga Damagaram, kina ina?"

"Ina bakin rijiya," in ji Daso. "Kuma ɗan kunnen yana kunnena. Rubuta wannan tukuna."